Tauraron da Na Ɗinka a Taga

Sawyer Bend, Mississippi
Oktoba, 2007

Zuwa ga ɗana Delmar,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a can Iraƙi. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ce dai ke damuna in an yi ruwa. Gwaggonka Vernice suganta ya hau, an hana ta kayan zaƙi, tana ci a ɓoye. Karenka lafiya lau, yana nan yana kwana a bakin ɗakinka. Ka yi haƙuri da rubutun, da kaina na yi, Malama Odom ta ajin koyon karatu na manya ba ta duba mini ba.

Akwai abin da ya faru, gara ka ji daga bakina.

Na ga iyayen sojoji suna rataya 'yar tuta mai shuɗin tauraro a taga, na ce ni ma sai na yi maka. Ba ni da shuɗin ƙyalle, sai na yanko daga tsohon labulenmu mai ruwan zinari. Ni a ganina ma ya fi kyau. Na rataya ranar Asabar.

Ranar Lahadi gwiwa ta hana ni zuwa coci. Da rana na ji ƙwanƙwasa. Ina buɗewa sai ga matar fasto da kwanon soyayyar kaza, idonta jawur, mata cike a bayanta har bakin titi. Ta rungume ni ta ce, "'Yar'uwa Ardella, Delmar ya huta, yana wurin Ubangiji." Ɗana, na ɗauka sun ji a talabijin kafin ni. Na zube a ƙasa ina kiran sunanka.

Baba Hoyt maƙwabcinmu, wanda ya yi yaƙin Vietnam, shi ya ratso cikin matan da sandarsa. Ya ce, "Ardella, sojoji biyu sun zo sanye da kaki sun sanar da ke?" Na ce babu wanda ya zo. Ya dubi taga ya ce, "Kai, matar nan za ki kashe mu! Shuɗi na mai rai ne, zinari na wanda ya mutu. Tashi, ɗanki yana can yana cin abincin gwangwani yana zagin sajan."

Aka yi dariya, aka yi kuka, aka gode wa Allah. Kafin la'asar kowa ya watse. Sun bar mini kaza da wake da burodin masara, firji ya cika. Tun da ka tafi ban taɓa ganin mutane haka a gidan nan ba. Tun ranar kuma babu wanda ya sake leƙowa, sai masu karɓar kwanukansu.

Makon jiya aka kawo gawar wani yaro soja na garin gaba. An jera tutoci a titi, motocin kashe gobara sun fito, an rufe shaguna. Na tsaya a cikin mutane ina tuna abin da ka faɗa mini a waya, cewa ku aikinku kuke yi, ba tausayi kuke nema ba, kuma mutanen gida ba sa ganin soja sai yana cikin akwati. A lokacin na yi maka faɗa. Yanzu na gani da idona.

Ka ce kana tunanin sake sa hannu ka ƙara wa'adin aikin soja, don ba za ka iya barin abokanka su koma ba tare da kai ba. Baba Hoyt ya ce kada in sa baki, wai uwa ba ta gane wannan. Wataƙila haka ne. Ni dai abin da na sani, na ɗanɗana mutuwarka sau ɗaya a bakin ƙofa, kuma ba ni da ƙarfin na biyu.

Na sayo shuɗin ƙyalle na gyara tutar. Na zinarin na ƙone shi a bayan gida.

Ka rubuto mini kafin Bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba, ka gaya mini abin da ka yanke. Kada ka kira a waya, don in na ji muryarka zan ce komai ka yi daidai ne. Ka rubuta da manyan baƙaƙe, zan karanta da kaina.

Allah ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka,
Ardella Pruitt