Tarin da Ke Aya ta Tara

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ya ƙafar taki?

Kin tambayi dalilin da har yanzu ban canza waya ba. Kin san irin wadda marigayi mijina yake sayarwa ce, mai manhajar nan da ba kowa ya sani ba. Kullum cewa yake ta fi sauran inganci. Amma duk wanda ya shigo shago sai ya tambaya ko tana ɗaukar abin hirar da danginsa ke amfani da shi, in aka ce a'a ya ajiye ya fita. Masu ƙera abin hirar kuma sun ce sai masu wayar sun yi yawa za su yi mata nata. Haka kowa ya zauna jiran kowa. Kwalayen da ba a sayar ba suna nan ƙarƙashin gadonmu, ina share musu ƙura.

A cikin tawa akwai muryarsa. Ya karanta mini surar da ke kuɓuce mini, a aya ta tara ya yi tari, ya ce afuwan, ya ci gaba. Lasifikar ta mutu, sai na kanga a kunne nake jinsa. Ina tsoron kada wannan ya zama rashin haƙuri da hukuncin Allah. Ki sa ni a addu'a.

Yayarki.

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Wayar ta fara ɗaukewa, na kai wa mai gyara. Ya jujjuya ta, ya yi dariya, wai Hajiya wannan ai ta riga mai ita rasuwa. Da ya ga fuskata sai ya nemi gafara. Ya ce kamfanin ya rufe, babu na'urar da ke karanta abin da ke cikinta. Mun kanga wayar mai gyaran a kanta don mu naɗi muryar, shuuu kawai ta ɗauka.

Ranar Talata ta mutu gaba ɗaya. Ban yi kuka ba.

Jiya a sallar la'asar na ja surar, ta zo mini tsaf, ba gyara. Sai dai a aya ta tara bakina ya tsaya da kansa, ina jiran ya gama tarin. Ki tambayar mini malaminku ko sallar ta yi. Ni dai na kasa wuce wurin ban jira shi ba.

Ki shafa mini kan auta.

Yayarki.