Filas ɗin da Inna ta kai wa baduku

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya Fatakwal? Ina Anti Rabi da yara? Mu nan Kebbe lahiya lau muke.

Filas ɗin kwamfuta da ka sa mini manhajar Linux a ciki ya fisshe ni kunya. Kwamfutar makarantarmu ta mutu ana gab da jarrabawa. Na tafi Tambuwal, na soka shi a kwamfutar ƙawata, sai ga tambayoyin ɗalibaina yadda na bar su.

Na gaya wa Inna aikina na shekara duk yana cikin ɗan abin nan. Washegari na neme shi na rasa. Ashe baduku ta kai ma, anka ɗinke shi ruf cikin fata kamar laya, har da igiya! Wai abu mai daraja haka ba a barin shi tsirara.

Da reza na farke bakin, yana aiki sarai. Yanzu a wuyana yake yini.

A sa mu a addu'a. Inna na gaishe ka, ta ce in naka ma tsirara yake, ka aiko shi.

Ƙanwarka,
Hadiza