Injiniya, Ɓairos Ya Mutu, Intanet Ma Ya Bi Shi

Zuwa ga Injiniya mai shagon gyaran kwamfuta na unguwar Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar biki, ya aka samu mutanen gida? Ni ne Malam Sani mai wake na kasuwar Ogbete. Na sa wannan wasiƙa a zauren intanet na Hausawan Inugu ne don wayarka a kashe take tun Litinin, ko Allah zai sa wani ɗan biki ya nuna maka.

Na farko, in tuna maka. Ranar Asabar na kawo maka kwamfutar ɗiyata Hafsat saboda nauyin da take yi. Ka ce ɓairos ne ya yi mata katutu, ka saka mata manhajar kashe shi, ka ce in mun je gida mu kunna ta yi shara. Ka yi mini dogon bayani, rabi Hausa rabi Turancin buroka, ni kuwa ina ta "to, to". Wallahi ko kashi ɗaya ban gane ba. Ka san halinmu, dattijo da furfurarsa ba ya cewa a maimaita masa magana a gaban jama'a. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Na biyu, Hafsat tana Islamiyya na ce bari in burge ta. Na kunna manhajar. Ta dinga fito da tambayoyi da jan rubutu, ni kuma duk wadda ta fito sai in danna mata amincewa, don ban saba a tambaye ni abu da ladabi in ce a'a ba. Da ta gama ta nuna koren tambari, wai komai lafiya. Lafiya lau kuwa, irin ta gidan da aka toshe ƙofarsa da bulo: ɓarawo ba ya shiga, mai gida ma ba ya fita. Tun daga lokacin intanet ya ɗauke.

Na uku, kada ka ce ba mu yi ƙoƙari ba. Mun kashe mun kunna ya fi a ƙirga. Mun zare na'urar waifai mun mayar. Wayoyin gidan duk suna kamawa, kwamfutar ce kaɗai ta juya baya. Maƙwabcina Alhaji Sale mai manja, wanda ko saƙon waya sai an karanta masa, ya ba da shawarar a shanya ta a rana ko sanyi ne ya shige ta. Har na ɗauko tabarma Hafsat ta ƙwace.

Ita ce ma ta gano matsalar. Ta ce manhajar ce ta tare hanyar intanet, kuma buɗewa ba wuya. Da ta je buɗewa sai manhajar ta nemi lambar sirri, wadda kai ka saka, wai don kada yara su taɓa. Injiniya, yaran ba su taɓa ba, ubansu ne ya taɓa. Talata na hau keke har Uwani na tarar da kwado a shagonka, mai shagon kusa ya ce ka tafi Arewa auren ƙaninka.

Ga inda wasa ya ƙare. Ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe Hafsat za ta yi jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya ta intanet, kuma wannan kwamfutar makarantar ta yi wa rajista, ba su yarda a canza ba. Wani mai gyara ya ce zai goge komai ya sake lodi, amma har da manhajar jarrabawar za ta tafi. Shekara guda yarinyar nan tana karatu.

Roƙona biyu ne. Ka turo lambar nan yau, ko ta wayar ango ce. Sannan nan gaba, in ka ga dattijo yana yawan gyaɗa kai, ka rubuta masa a takarda.

Ban taɓa jin kunyar ɗiyata irin ta yau ba. Da safe ta kawo mini koko, ta ce, Baba kada ka damu, in bai yiwu ba sai baɗi. Da ma faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

Allah ya ba ango da amarya zaman lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya sa wayarka ta samu caji kafin Alhamis.

Wassalam.

Malam Sani mai wake,
Ogbete, Inugu.