Ruwan ko Idona

Litinin, 6 ga Mayu

Sau huɗu a yini, kamar kullum: in zuba ruwan magani a cikina ta robar da aka dasa mini ƙasan cibiya, in jira, in sauke shi cikin leda. Aikin da ƙoda ta ƙi yi. Likitata ta Yamai ta ce in riƙa ɗora ledar bisa jarida. In rubutu ya karantu, lafiya. In bai karantu ba, ƙwayoyin cuta sun shiga, in nemi asibiti ranar. Na yi mata dariya lokacin. Ni da na tsufa ina koyar da faransanci a Tawa, za a gwada ni da karatu.

Yau bai karantu ba.

Talata, 7 ga Mayu

Na janye ledar, na dubi jaridar haka nan. Nan ma dishi-dishi. To wa ya gurɓace, ruwan ko idona? Tun bara yanar ido take rufe mini gani, ban gaya wa kowa ba. Da manyan kanun labarai nake lallaɓawa, yanzu su ma sun gudu. Wannan rubutun da hannu nake yinsa, ba da ido ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Ciki na murɗawa. Waken jiya ne, ina jin.

Ɗana Nasiru ya kira daga Abijan, shi ke aiko ledojin. Ya sake tuna mini: in cikin ya lalace za a cire robar, sai injin wankin jini a Yamai, har ƙarshen rai. Ɗakin haya, layin jira, ba batun dawowa gidan nan. Na ce masa ƙalau nake. Ɗalibaina sun cika ofisoshin garin nan, ba wanda ya san ina numfashi.

Alhamis, 9 ga Mayu

Zazzaɓi tun safe. Ƙanwata Zaliha ta kawo abinci, za ta ajiye bakin ƙofa ta tafi, yadda na sabar mata. Na ce ta shigo. Sai da ta duba bayanta ko da wani nake.

Na ɗora ledar bisa jarida, na ce, "Karanta mini."
"Ban iya ba, Yaya."
"Ko baƙi guda?"
"Ko guda."

Na ɗauka gurɓatar ruwan ce ta hana ta. Na fara laluben takalmi. Sai ta ce, "Yaya, ni yaushe anka kai ni lakwal? Kai anka kai, ni anka ba ni awaki."

Na zauna. Wallahi ban taɓa tunawa ba a sa ta makaranta ba.

Ta tambayi yadda ruwan ya kamata ya zama. Na ce garau, da ɗan rawaya. Ta ɗaga ledar wajen taga, ta ce, "Wanga kam farau-farau ne, sai dai ba a sha." Ba ta yi maganar idona ba. Ta fita neman kabu-kabu.

Juma'a, 10 ga Mayu

Jiya a asibiti sun ɗebi ruwan ledar. Wani suka ƙirga fararen ƙwayoyin jini a ciki, sun wuce ɗarin da ake tsoro nesa ba kusa ba. Wani suka ajiye su ga wace cuta za ta tsiro. Da aka danna cikina aka saki, na yi ƙara gaban yaran asibiti da ban haifa ba. Likitar ta yi faɗa ta waya. Magani cikin kowace leda yanzu. In ruwan bai washe ba cikin kwana biyar, roba ta fita.

Asabar, 11 ga Mayu

Na zagaya tsakar gida, na taɓa bangon. Shi ke nan.

Lahadi, 12 ga Mayu

Zaliha ta ture jaridata. Gefen zanenta take shimfiɗawa ƙarƙashin ledar, atamfa mai kifaye. "Yau na ga kihin, amma ban ga idonai ba." Na ce wannan ba kimiyya ba ce. Ta ce to in karanta da kaina.

Surutu gare ta. Jikokinta, farashin albasa, wa ya mutu a Barmu.

Talata, 14 ga Mayu

Ta ga idon kifin, har da ƙayar bayansa. An sake ƙirga fararen ƙwayoyin jinin a asibiti, sun sauka. Roba tana nan, a ci gaba da magani.

Da za ta tafi ta tsaya bakin ƙofa, ta ce, "Gobe sai na zo, ko ka gaji da ni?" Na ce likita ce ta ce dole, kowace safiya, ba fashi.

Likita ba ta ce ba.