Mutum Arba'in da Ɗaya da Ka Kora

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Bayan haka, manhajata ta kantunan magani tana neman mutuwa a hannuna. Shekara goma tana buɗe, kowa na iya dubawa ya kawo gyara, amma yanzu ba mai leƙowa. Ƙorafi saba'in na jirana, ga ido ya fara ba ni wahala. An ce kina koyar da sababbin masu rubuta manhaja. Turo mini ko biyar ne in horar da su.

Yayanki

Yaya,

Muna amsawa, yara na gaishe ka. Ka horar da su? Tabɗi! Ka manta gyarana na farko? Manhajar tana nuna maganin da ya lalace a matsayin mai kyau. Sati uku ina fama a teburin ɗakin girki, da goyo a bayana, har na gano inda kuskuren yake. Ka rubuta a shafin da duniya ke gani: "Koma ki koyi tafasa ruwa." Bayan kwana shida sai ga gyaran nan a ciki, ko waƙafi ba ka canza ba, da sunanka a kai. Na yi kuka, Yaya, kuma har yau ban huce ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Haba, maganar shekara bakwai? Zafin aiki ne. Ki bar wannan, ga babbar damuwa: wasu sun kwafi manhajar sun sa mata sabon suna, kantuna sai komawa can suke yi. Jiya har mai kantin ƙasan ofishina ya tafi. Ko kin san su wane ne?

Yayanki

Yaya,

Barka da war haka. Na san su mana, ni ce. Kai da hannunka ka rubuta cewa kowa na da izinin kwafa. Kuma ba ka taɓa goge zagi ba, don kana jin daɗin a karanta. Sai na bi shafin nan layi-layi, na tsinci mutum arba'in da ɗaya da ka kora, kowa da adireshinsa. Na rubuta musu ɗaya bayan ɗaya. Talatin sun amsa. Duk Asabar mukan zauna, mu ba sabon shiga ƙaramin aiki, mu haɗa shi da wanda zai riƙe masa hannu. Ma'aikaciyar jinyar da ka ce kanta ba ya ja, ita ke duba aikin kowa yanzu. Wallahi daɗi nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Ƙanwarka

Ƙanwata,

Gaisuwa. Shekara goma ta rayuwata ce a ciki. Ko akwai wuri gare ni?

Yayanki

Yaya,

Akwai, a layin sababbi. Ma'aikaciyar jinya za ta riƙe maka hannu. Aikinka na farko ƙarami ne: koma wancan gyaran, ka cire sunanka ka sa nawa.

Sai Asabar.
Ƙanwarka