An Ɗauke Serber Daga Gaya, a Ɗauke Min Takardar Gargaɗi

Zuwa ga mai girma Direkta Janar na kamfaninmu na fitar da kaya a duwan, wato kwastan, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Hamidu, mai buga takardun kamiyo, wato manyan motocin kaya, a biron Gaya, ofishinmu na bakin iyaka. Na rubuto a fili ne domin wasiƙuna biyu na baya sun shiga biro ba su fito ba.

Na ɗaya, godiya. Da kuka tattara serber ɗin rassanmu, wato manyan na'urorin da ke ajiye takardunmu, kuka mayar da su guda ɗaya a Yamai, wallahi an sauke min dutse daga ka. Shekara huɗu ina renon tamu kamar jinjiri. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ni ne gudu wajen injin ba da wuta. Gazuwal, man injin, ya ƙare, ni ake nema. Ta yi ƙara, in buga wa mai gyara waya, ya ce sai ya gama da ta Doso. Ni kuwa ba aikina ba ne, buga takarda aka ɗauke ni yi. Yanzu in akwai rezo na intanet, aiki sai tafiya, ina cin tuwona da zafinsa.

Na biyu, kukana. Ɗakin serber shi kaɗai ke da na'urar sanyi a bironmu. A zafin bazarar Gaya, dattijon shofer, direban kamiyo, ya kwana uku a bakin gadar iyaka yana jiran takarda, ya roƙe ka inuwa, da wane baki za ka hana shi? Bara na buɗe wa wani sa'an mahaifina. Ya ga wayar wutar na'urar a bango, ya zare ta, ya jona butar shayinsa. Bai san abin da ya taɓa ba, sunansa kuma ba zai fita daga bakina ba. Na'ura ta mutu wuni biyu, kamiyo na albasa suka tsaya a rana. Aka rubuta min gargaɗi, aka sa a dosiyena, fayil ɗin aikina, aka ce sakaci.

Na amsa nawa laifin, ni na ba da makulli. Amma ranka ya daɗe, da kanka ka ce a taron ma'aikata ajiye irin wannan na'ura a kowane reshe ba tare da masani ba kuskure ne. To kuskuren an gyara shi, takardar tana nan. Saboda ita aka tsallake ni a ƙarin girma, kuma abin yana ci mini rai.

Roƙona: a cire ta daga dosiyena. Ɗakin da ya zama fanko kuma a bar wa shofer-shofer su huta, yanzu babu abin da za su zare.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama lafiya. Na'urar da aka hukunta ni a kanta ba ta Gaya, kada hukuncin ya zauna shi kaɗai.

Wassalam.

Hamidu, biron Gaya.