Kujerar Bakin Ƙofa

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Wata jami'ar gwamnati ta zo duba gidan renon yaranmu. Orna sunanta, ko ruwa ba ta karɓa. Ta girgiza gadaje, ta taɓa zafin ruwan famfo, ta leƙa kicin ta ga tukwanen nama daban na madara daban, yadda addininmu na Yahudu ya tanada, ta ce wannan sha'anin malamai ne, ba nata ba. Nata ƙofar waje ce. Sakatarmu ta yi ƙasa, hannun yaro zai kai. In ta dawo a Disamba ba a gyara ba, babu lasisi, sai mu rufe.

Doda Sultana, ƙanwar mahaifiyata, sai da ta ga fitarta ta ce, "Shekara talatin ina reno a garin nan na Ofakim, ba a ma haifi wannan ba na fara." Ban gaya mata matar ta haura arba'in ba.

Talata, 5 ga Nuwamba

Kafinta ya ɗaga sakata, yanzu tana daf da mezuza, ɗan akwatin ayoyi da ke manne a gefen ƙofa. An gama da wannan.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ciwon baya ya kama Doda. Ita ce kullum ke ɗaga kowane yaro, shigowa da fita, ya taɓa mezuza ya sumbaci yatsunsa. Ta ce, "'Yata, ki karɓe ni mana, ayoyin Attaura ne a ciki, ba ado ba." Na ce ina da kicin, ina da takardu. Ni ba na ɗaukar 'ya'yan mutane sai dole. Shekara uku su wuce, ki gamu da su a hanya su yi miki kallon baƙuwa.

Da rana ta kawo 'yar kujerar roba ta ajiye a bakin ƙofa, kowa ya hau da kansa. Nehorai ɗan Shirel ya hau ya sauka har na gaji da kallo. Na ce mata dabara ta yi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Ina yanka tumatir, Doda na canza wa jaririya ƙyalle, sai ga ƙwanƙwasa. Nissim mai burodi ne, gari har gashin gira, Nehorai a kafaɗarsa yana gatsar burodi. Ya ce, "Aliza, wannan naku ne, ko ku ma sayarwa kuke?" A gaban tandarsa ya same shi. Tsakaninmu da tandar akwai titin da bas ke bi.

Na duba ƙofa. Kujera a wurinta, sakata a zare. Hannun da ya kai mezuza ya kai sakata, shi ke nan. Ba mu ma san ya fita ba.

Doda ta zube a ƙasa tana ta godiya ga Allah. Da ta dawo hayyacinta ta ce, "Allah ya rufa mana asiri, kada ki tona. Sati biyu ya rage matar nan ta dawo." Shirel ta zo da yamma, na miƙa mata shi da jakarsa. Na ce ya ci abinci sosai. Gaskiya ne ai.

Tumatir ɗin na nan a kan katako, na manta da shi.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na gaya wa Shirel, a tsaye, da burodin Asabar a hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. "Jiya, Aliza? Jiya kika miƙo min shi kina murmushi?" Ta saɓa ɗanta ta fita. Ya miƙa hannu wajen mezuza, ba ta tsaya ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Nehorai bai zo ba. Na kira Orna na faɗa mata. Doda ta daina yi min magana, sai ta bakin yara: "Ku ce wa shugaba sabulu ya ƙare."

Litinin, 2 ga Disamba

Orna ta zo. Ta daɗe a bakin ƙofa, ta durƙusa daidai tsawon yaro tana kallon sama. Ta ce a hankali, "Ni na ce a ɗaga sakatar."

Doda ta kawo shawara a sauke mezuza ƙasa, daidai hannun yara. Na kira malam a waya, ya ce mezuza tana da mazauninta, ba a sauke ta don kowa. Orna ta ce kujera kuwa ba za ta sake kwana a gidan nan ba. Lasisin wucin gadi ta ba mu, zuwa bayan Idin Ƙetarewa a watan Afrilu, kuma za ta riƙa faɗowa ba sanarwa. Ba a rufe mu ba dai.

Doda ta dube ta, ta dube ni. "To wa zai ɗaga su?" Orna ta ce wannan ba ya cikin aikinta.

Laraba, 11 ga Disamba

Kafaɗata na ciwo. Yaran nan sun fi yadda ake ganinsu nauyi. Wata sai ta sumbaci yatsunta sannan ta goga min a kumatu. Wani ba ya yarda a sauke shi sai ya taɓa da hannu biyu. Aiki ne kawai, dole wani ya yi.

Shirel ta dawo da Nehorai yau. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce babu gurbi a ko'ina, kuma ya hana ta sakat. Na ɗaga shi ya taɓa. Gashinsa ƙamshin sabulun lemo, zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna, da sauri da sauri. Sai titin nan da bas suka faɗo min a rai.

Doda ta ce, "'Yata, ya gama tun ɗazu. Sauke shi, wasu na jira."

Na ce sakata nake dubawa.